Bindiga mai pompi da faya-fayan Gwaggo

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya san abin da bawa ya ɓoye tun bawan bai buɗe baki ba. Wannan labari na daɗe ina kewaye shi. Na ba ƴaƴana labarin shekarun fari, na ba su labarin tafiyata cin rani, amma in suka tambaye ni dalilin da ya sa bindigar nan ta tsufa a rataye ba na taɓa ta, sai in ce kafaɗata ce ke ciwo. Kafaɗata lafiyarta lau. Ga gaskiyar maganar.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Maginiyar tukwane ce, a ƙauyenmu da ke cikin kwari, tafiyar hantsi daga Keita. Gidan da ta yi aure mutanen gargajiya ne, masu bin abin da suka tarar kakanninsu suna bi, kuma ita kanta ba ta kama salla ba sai da furfura ta fito mata. Ni na koya mata Fatiha bayan na dawo daga karatu. Wata uku muka yi a kanta. Tana zaune tana murza yumɓu, ina faɗi tana maimaitawa, in ta yi kuskure ta rantse da aradu, sa'an nan ta kama bakinta ta ce astagfirullah. Ba ta kirana da sunana. Mai alƙalami take ce mini, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don ba'a, kuma ba kullum nake gane wanne ba ne.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne kushewar mijinta. A wajenmu itace ya yi wuya tun a wancan zamani, duwatsu ne suka fi yawa. Da ya rasu, ba a sami isasshen itacen da za a jera a kan gawa ba kafin a tura ƙasa, sai aka cike da karan dawa. Damina ta farko kushewar ta rufta. Mata ba sa zuwa binne gawa, amma hanyar ramin da take ɗiban yumɓu ta bi ta gefen maƙabarta, don haka ta gani da idonta. Ta kuma ji wata mata a bakin rijiya tana cewa ai dama ƙasa ta san wanda bai yi salla ba. Wannan magana ba ta taɓa barinta ba.

Saboda haka, a shekara ta ƙarshe da idonta ke gani sosai, ta yi wa kanta tanadi. Ta gina manyan tukwane, ta tsaga kowace gida biyu tun yumɓun yana ɗanye, ta gasa su, don a kifa su a kanta a maimakon itace. Wannan ba sabon abu ba ne, wasu magina suna yi. Abin da ta ƙara na kanta shi ne ƴan faya-fayai na yumɓu, sirara, kowanne faɗinsa kamar tafin hannu da rabi. Domin in an jera ɓarin tukwane, akwai ƴan kafofi da ke saura a tsakaninsu, mutane kan toshe da tsingaro da ciyawa, duk abin da hannu ya kai gare shi. Gwaggo ba ta yarda da wannan ba. Ta yi faifai ashirin da huɗu, ta danna babban yatsanta a tsakiyar kowanne, ta gasa su har suna ƙara kamar ƙarfe in an ƙwanƙwasa. Ta jera su cikin kwando da ƙaiƙayi a tsakani, ta tura ƙarƙashin rumbu, kusa da tukwanen.

Ranar da ta gama ta kira ni, ta ce in zo da tawada.

“Rubuta, mai alƙalami. Ka rubuta yadda ko ba ka nan wani malami zai iya karantawa.”

Na ce, “Gwaggo, ai kina da sauran kwana.”

“Kai aka ba lissahin kwanana? Rubuta. Ka ce tukwane suna ƙarƙashin rumbu. Ka ce faya-fayai suna cikin kwando. Ka ce a toshe ko'ina da su, kada ƙasa ta taɓa min huska. Ka sa wannan sau biyu.”

Na rubuta da ajami, na sa maganar fuska sau biyu kamar yadda ta ce, na karanta mata, ta gyaɗa kai. Na ninke takardar na sa cikin gafakata. Ina son mai karatu ya riƙe wannan: ba wani ne ya rubuta ba, hannuna ne. Ban da hanyar cewa ban sani ba.

Bayan shekara biyu yanar ido ta rufe mata gani, hannuwanta suka kama rawa, ta daina gini. Amma duk ranar Juma'a da hantsi takan lallaba bango har gindin rumbu, ta durƙusa, ta sa hannu cikin kwandon ta shafa faya-fayan, ta koma ta zauna.

A lokacin ina aiki a shantiye, inda ake gina baraji don tare ruwan kwari. Aikina kiran sunayen masu aikin ƙarfi da safe, in rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, domin na san kowa da sunan ubansa. Shugaban aikin wani nasara ne, dogo, mai jan wuya, ba ya da yawan magana. Mushe muke ce masa. Yana da direba, mutumin Madawa, wanda ya girme ni da ƴan shekaru, bakinsa ba ya hutawa, shi ne kuma tafinta tsakaninmu.

Da wa'adin Mushe ya zo ƙarshe, a cikin bazara, ya kira ni ya ce ba zai koma ƙasarsu da bindigoginsa na farauta ba. Biyu ne. Ɗaya zai bar wa wani abokinsa a Tawa, ɗaya kuma ni, in zaɓa, shi zai tsaya a biro, wato ofishin hukuma, a mayar da takardar bindigar da sunana. A wancan lokaci ba a rufe farauta ba tukuna, kuma ina da buƙata ta gaskiya: birai sun hana ni sakat a garkar albasa da rogo, ga zabin daji a kan tudu. Amma in na ce buƙata ce kawai ta sa kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba, na yi ƙarya. A ƙauyenmu bindiga ɗaya ce, tsohuwar adaka ta wani mahalbi, wadda sai an ɗura mata albarushi an daka da sanda. So nake a gan ni.

Ya shimfiɗa su a kan tabarma a inuwar ɗakinsa. Ta farko mai baki ɗaya ce, ana karya ta a tsakiya a sa kartush ɗaya, wato harsashi, a rufe, in an halba a sake karyawa. Ta biyu ita ce mai pompi. Tana da wani bututu a ƙarƙashin baki mai cin kartush biyar, da wani itace da ake ja baya a tura gaba. Duk ja ɗaya, kwanson da aka halba ya yi tsalle ya fita, sabo ya hau. Mushe ya ja shi sau ɗaya don in gani. Ƙarar nan, ƙaras-ƙaras, ita ta gama da ni. Tun daga nan na riga na zaɓa, sauran duk wasa ne.

Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske. Ya sa na kafa kowace a kafaɗa, ya duba inda kumatuna ya kwanta, ya auna gindin bindigar da tsawon hannuna. Ya nuna mini yadda ake leƙa cikin baki a gaban haske don a ga ko tsatsa ta ci. Ya yi dogon bayani, direba ya juya mini.

“Ya ce mai baki ɗaya ta fi dacewa da kai. Ba ta da nauyi, ba ta da kayan ciki da yawa, in ta lalace ko maƙerin garinku ya gyara ta. Ya ce waccan ta yi maka tsawo, kuma ba ta shiri da rairayi. Ni kuma na ce, malam, ka tsaya ga alƙalaminka. Wagga tana shuri kamar jaki.”

Na ce ni dai mai pompi nake so. Mushe ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba a zaɓen bindiga a kan tabarma, sai an gwada ta a kan abu mai tashi. Ya ce a ƙasarsu tantabara suke halbi ta yumɓu. Na zaci direba ne ya ɓata fassara, na sa ya sake tambaya. Sai Mushe ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan faifai baƙi, fasasshe, ya ce wannan ne tantabarar: a jefa sama, a halbe. Ya zo da akwati guda, duk sun ƙare. Ya ce abin takaici ne, da akwai su da gobe Lahadi mun gwada.

Na karɓi gutsuren na juya shi a hannu. Faɗinsa, kaurinsa, kusan ɗaya da abin da na sani. Na ji bakina yana cewa, “Muna da irinsu a gida. Namu ma sun fi wannan kyau.”

Na sha tambayar kaina ko Shaiɗan ne ya yi maganar. Ba na son in ɗora masa abin da ba nasa ba. Ni ne. So nake nasara ya san mu ma muna da abin da suke da shi.

Washegari da safe, Gwaggo tana ɗaki tana jan carbi, na zagaya bayan rumbu da buhu. A zuciyata ina ta shirya hujja. Manyan tukwanen ai ba zan taɓa su ba, su ne ainihin suturar. Biyar ko shida kawai za mu halba, in maido da sauran. Kafa kuwa kowa da tsingaro yake toshewa, har malamai. Na kwashe duk abin da hannuna ya samu, na cika buhun da ƙaiƙayi don kada su yi ƙara. Na wuce ta ƙofar ɗakinta na ce, “Ina kwana, Gwaggo.” Ta ce, “Lahiya lau. Mi ka ɗauko haka kake sanɗa?” Na ce albasa ce zan kai wa Mushe. Ta ce, “Ka zaɓa mai masu kyau.”

Muka fita da mota zuwa wani fili a bayan baraji, ƙasa mai jan dutse. Mushe ya ɗauki faifai ɗaya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne, ya yi wata magana yana murmushi. Direba ya ce, “Ya ce wanda ya gasa wanga ya san wuta.” Ya ga gurbin yatsan ya tambaya, na ce alamar maginiya ce. Ban ƙara ba.

Direba ne mai jifa. Ya tsaya daga gefe, in na ce to, sai ya wurga faifan yana juyawa a iska. Na fara da mai baki ɗaya. Na halba, na kuskure, faifan ya sauka kan dutse ya tarwatse. Abin da ban yi tunani ba ke nan: wanda na samu zai fashe, wanda na kuskure ma zai fashe. Babu mai komawa gida a cikin waɗanda suka bar hannun direba. Na ga haka tun a na farko, ban ce a tsaya ba.

Mushe ya ce kada in auna faifan, in auna inda za shi. A na huɗu na same shi, ya watse a sama, jan gari ya tsaya cikin iska. Daɗin da na ji a lokacin, har yau in na tuna shi sai in ji kunya ta kama ni, domin daɗi ne na gaske. Mushe ya tafa ya ce ka gani, wannan ita ce taka. Da na tsaya a nan, da faifai huɗu kawai suka tafi.

Na ce a ba ni mai pompi.

Ta yi mini tsawo kamar yadda ya faɗa, ta dake ni a kumatu, amma in na kuskure sai in ja itacen in sake halbi tun faifan bai sauka ba. Ƙaras-ƙaras. Direba ya fara kirari yana ce mini zakin tawada. Ya ce, “In jefa biyu tare?” Na ce jefa. Ya ce, “Uku fa, malam?” Na ce jefa. Kwanso yana tsalle ta gefe, warin albarushi ya cika mini hanci, ban san lokacin da rana ta take tsaka ba. Sai na ce to, na ji shiru. Na waiga, direba ya kama buhun ta gindi yana zazzage ƙaiƙayi.

“Tantabarunka sun ƙare. Ka ce ma maginiyar ta ƙyanƙyashe wasu.”

Suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce wa Mushe na zaɓi mai pompi. Ya ce ba ita zai zaɓa mini ba, amma tawa ce.

Kwana biyar na yi ina jiran Juma'a. A cikinsu na halbi zabuwa ta farko, na yanka ta da bisimilla, aka yi wa Gwaggo romo, ta sha ta sa mini albarka. Na yi niyyar faɗa mata ranar Litinin, na ɗaga zuwa Laraba. Ranar Alhamis na tsinci tsingaro na tsofaffin tukwane, na tsaya da su a gindin rumbu ina tunanin in zuba cikin kwandon. Macen da ta shekara hamsin tana taɓa yumɓu nake shirin ruɗa da tsingaro. Na zubar da su.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a zaure ina jin tafiyarta, hannunta yana shafar bango. Na ji ta tsaya a gindin rumbu. Sa'an nan ta kira, ba da ƙarfi ba.

“Mai alƙalami. Taho da takardar nan.”

Na same ta zaune a ƙasa, kwandon a tsakanin ƙafafunta, faifai uku a cinyarta. Ashe uku sun nutse a ƙasan ƙaiƙayi. Ba tausayi ya sa na bar su ba, ban gan su ba ne.

“Karanta.”

Na karanta. Da na zo wurin fuska, na tsallake maimaicin. Ta ce, “Sau biyu na ce ka sa.” Na koma na karanta na biyun. Daga nan na durƙusa na faɗa mata komai, nasara, bindiga, albasar ƙarya. Ina jiran ta zage ni, ko ta yi kuka, ko ta kira mahaifina. Ta daɗe tana juya faifai ɗaya a hannunta.

“Ashe su ne nake ji ran Lahadi. Na ce wace irin farauta ce wagga da ba ta ƙarewa.” Ta ajiye faifan a cinyarta. “Da anka halbe su, gari sunka yi ko gutsure?”

Na ce, “Wasu gari, wasu gutsure. Akwai wanda harsashi ya sama bai fashe ba, sai da ya faɗi kan dutse.”

“Bai fashe ba?”

“Bai fashe ba, Gwaggo. Nasaran ya ce wanda ya gasa su ya san wuta.”

Sai na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi, ta hana shi. Wannan ya fi mari zafi.

Na ce gobe zan tafi kasuwar Buza in sa maginiya ta yi mata wasu, ko ɗari take so. Ta ce ta san yumɓun can, rairayi ya yi masa yawa, damina biyu zai narke. Na ce to maginan nan garin. Ta ce waɗannan ita ta koya musu, ta san inda suke ha'inci. Sa'an nan ta miƙo hannu tana lalube har ta kama nawa, ta matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai taya akuya.

“Hannun da ya ɗauka shi za ya yi. Ni ce idonka, ko da yake ba ni da ido. Gobe ka ɗauki jaki ka tahi rami.”

A wajenmu namiji ba ya gina tukunya, balle wanda ke jan salla in liman ba ya nan. Ramin yumɓu wurin mata ne. Da na iso da jaki da mangala, sai hira ta tsaya, sa'an nan ta ɓarke.

“Malam, allo za ka gina?”

“A'a, ku ƙyale shi, amarya za a kai shi, yana haɗa kayan ɗaki.”

“Ina bindigar? Da ka zo da ita ka halbe yumɓun ya taso da kanshi.”

Na kama haƙa. Labarin ya riga ni isa, domin direba ya ba da shi a kasuwa a matsayin abin dariya, mata kuma suka haɗa shi da kwandon Gwaggo, wanda duk sun san da shi. Wata tsohuwa, sa'ar Gwaggo, ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ita fa ta goye ka.” Ta ci gaba da haƙarta.

Na jiƙa yumɓu, na daka tsingaro ya zama gari na zuba, na tattake da ƙafa a tsakar gida, matata tana ɗaki ta ƙi fitowa don kada ta gan ni. Gwaggo tana zaune kusa, in na murza faifai in miƙa mata, ta shafa gefensa, ta ce nan ya yi kauri, nan akwai iska a ciki, ta dunƙule shi ta maido mini. Rana ta farko ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ta ce, “Wata uku ka yi kana gyara min Fatiha, ba ka bar min ko wasali ɗaya ba. Murza.” A mako guda muka sami ashirin da ɗaya. Na ce ta danna yatsanta, ta ce a'a, in danna nawa, a san mai aikin.

Na ƙosa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta ce a bar su su ƙara kwana huɗu a inuwa, na ce sun bushe. Na jera su a rami, na rufe da kashin shanu da kara, na sa wuta. Ba a jima ba muka fara jin su suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas. Gwaggo ta karkata kai tana saurare, ta ce, “Kai dai da yumɓu, sai ka ji ƙararsa hankalinka ke kwanciya.” Tara suka tsira, su ma sun karkace kamar busasshen ganye.

Na sake yin wasu, wannan karon na bi maganarta. Suna inuwa suna bushewa ruwan farko ya sauka, ramin gashi ya cika, kashin shanu ya jiƙe. Ba a gashi da damina. Ta ce ba komai, sai kaka. Ta sa na haɗa mata taran nan da nata uku a kwando, ta ci gaba da zuwa tana shafa su ranar Juma'a. Wata rana na ji tana ware su da hannu, nata gefe ɗaya, nawa gefe ɗaya, tana tsaki a hankali.

Ba ta kai kaka ba. Zazzaɓi ya kama ta lokacin da gero ya fara fitar da kai, kwana shida. A rana ta biyar ta ce in matso. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ran Juma'ar nan, amma yafewa ba ta toshe kafa. Ta ce, “Nawa uku a huska. Naka ka sa daga ƙasa, ƙahwahuna sun saba da ƙasa.”

Da hantsi muka kai ta. Ni na shiga kushewar. Aka miƙo mini ɓarin tukwane na jera, suka zauna daram kamar an auna, domin an auna ɗin. Na sa faya-fayanta uku a kafofin da ke wajen kai, kowanne ya kwanta ya rufe ruf, ko tsinke ba zai shiga ba. Sa'an nan na bi da nawa. Ba su kwanta ba. Na juya su ta kowane gefe, na cusa ciyawa, na shafa laka, kuma ba su isa ba, sai da aka miƙo mini tsingaro daga gefen wata tsohuwar kushewa, irin abin da ta ƙi tun farko. Liman ya ce ya isa haka, malam, fito. Da aka fara tura ƙasa ina tsaye a bakin ramin, na ga wani siririn rairayi yana zurara ta gefen faifaina ɗaya, wajen gwiwarta, yana shiga ciki. Babu wanda ya lura sai ni. Na buɗe baki in ce a dakata, ƙasa ta riga ta rufe wurin.

Na san abin da littattafai suka ce, na kuma faɗa wa wasu a wurin ta'aziyya: mamaci ba ya cutuwa da ƙasa, aikinsa ne ke bin sa. Na yarda da haka. Amma ba fatawa ta ba ni ajiya ba. Kwando ta ba ni, da takarda.

Da kaka na gasa sauran faya-fayan, suka fito lafiya, goma sha biyu, masu ƙara. Ba su da sauran amfani gare ta. Na ajiye su a inda nata suke, kuma da aka yi rasuwa a unguwa na kai su, ban ce komai ba, ba a tambaye ni ba. Duk shekara bayan damina nakan je in duba kushewarta. Wajen kai bai taɓa motsi ba. Wajen ƙafa ya ɗan lotsa a shekara ta biyu, na ciko ƙasa na gyara.

Bindigar kuwa na yi farauta da ita sau uku ko huɗu bayan haka. Bindiga ce mai kyau, ban da abin da zan ce da ita, kuma rairayi ya riƙa sarƙe ta kamar yadda Mushe ya faɗa. Amma duk lokacin da na ja itacen nan na ji ƙaras-ƙaras, sai in ga buhu a hannun direba yana zazzage ƙaiƙayi. Da aka rufe farauta mutane suka yi ta yi mini jaje, ni kuwa na ji sauƙi. Na shafe ta da mai na rataye.

Takardar tana cikin gafakata har yanzu, tawadar ta koma ja. A ƙasanta, bayan wurin da na sa maganar fuska sau biyu, akwai sauran fili. Bara na ƙara layi biyu da hannuna, na nuna wa babban ɗana inda kwandona yake. Faya-fayai ashirin da huɗu ne a ciki, ni na gasa su, kuma sun kwanta. Na ce masa in ranar ta zo, ya fara ɗiban uku ya kai kushewar Gwaggo ya jera a wajen ƙafa, ko da a bisa ƙasa ne. Ya ce, “Baba, mi za su yi mata a waje?” Na ce ba za su yi mata komai ba, ya kai dai. Allah ya jiƙanta, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi ta inda na bar mata kafa.